Gora a Matsayin Kayan Gini: Abin da Kolombiya ta Tabbatar

Masu kiran gora kayan ginin da ba ya ƙarewa kusan duk hujja ɗaya suke kafawa, wato saurin girmanta. Hujjar gaskiya ce. Gora dangin ciyawa ce, sandarta kan kai iya tsawonta cikin 'yan watanni, ta ƙosa cikin shekara 3 zuwa 5, kuma in an sare ta saiwar da ke ƙarƙashin ƙasa za ta sake tofo ba sai an dasa ba. Giginyar da ake tsaga azara daga gare ta kuwa sai ta shafe gomman shekaru. Sai dai ra'ayin wannan maƙala shi ne saurin tsiro kaɗai bai isa ba. Sandar da ta ruɓe cikin shekara 2 ba ta ceci wani daji ba. Ƙarkon gora yana hannun magini ne da hukuma.

Kolombiya ce ta fi nuna haka. A yankinta na noman kofi ana samun wata gora mai kauri da ake kira Guadua angustifolia, wadda tsawonta kan wuce mita 20. Tun da daɗewa mutanen birnin Manizales da kewaye suke gini da ita: a kafa firam, a fasa wasu sandunan a baje su kamar asabari, a manna, sannan a yaɓe da laka ko siminti. Ranar 25 ga Janairu 1999 girgizar ƙasa ta afka wa birnin Armeniya da ke wannan yanki, ta hallaka mutum fiye da 1,000. Gidajen bulo marasa ƙarfe sun rushe birjik, alhali da yawa daga na gora sun tsaya, domin ba su da nauyi kuma suna lanƙwasa ba su karye ba. Waɗanda suka faɗi a cikinsu galibi ruɓa da ƙwari sun riga sun cinye su, ko an ɗora musu bango mai nauyi.

Batun ruɓa da ƙwari shi ya fi cancantar nazari. Cikin gora akwai sitaci mai jawo gara da ƙwarin da ke huda itace. In ka ga gari kamar na masara yana zuba daga ƙananan huda a jikin sanda, to an riga an ci ta daga ciki. Manoman Kolombiya kan sare wadda ta ƙosa kafin fitowar rana, su bar ta a tsaye cikin kurmi na 'yan makonni har sitacin ya ragu. Yanzu ana huda gaɓoɓinta a jiƙa ta cikin ruwan sinadarin boron. Sannan dole a ɗora ginshiƙi kan dutse ko kankare don kada ya taɓa ƙasa, a kuma faɗaɗa bakin rufi ya kare shi daga ruwan sama. Gorar da aka yi wa haka takan yi gomman shekaru.

Saura kuma martaba, domin an daɗe ana ganin gora kayan talaka ce. Mai zanen gine-gine Simón Vélez ya taimaka wajen kawar da wannan raini da dabararsa ta ɗura siminti cikin gaɓar da za a ɗaure da noti, kuma rumfarsa ta baje kolin Hanoba a 2000 ta tsallake gwajin injiniyoyin Jamus. A 2010 dokar gini ta Kolombiya ta keɓe wa gora babi. Wannan, a ganina, ya fi kowace rumfa muhimmanci, tunda injiniya ba ya sa hannu kan abin da doka ba ta sani ba.

Kayan gida na buƙatar irin wannan tantancewa. Kwando ko kujerar da aka saƙa kusa da inda gorar ta fito daban ne da kofin roba da aka cakuɗa da garin gora, irin wanda Tarayyar Turai ta tashi kawarwa daga kasuwanninta a 2021 saboda sinadaran da ke iya shiga abinci.

Afirka ba ta rasa gora ba. Habasha na da kusan hekta miliyan ɗaya, kuma al'ummomin Sidama da Dorze na ƙasar suna saƙa ɗakuna sukutum da ita. A wuraren gini na Abuja da Kaduna kuwa an fi ganinta ɗanya, tana tokare da dakin har siminti ya kama, daga nan a watsar ko a kai murhu. Abin takaici ne, domin kwamin jiƙa ta da ma'aunin tantance ƙarfinta ba su fi ƙarfin jami'o'inmu da hukumomin gini ba.