Bayani a kan Ma'anar Kara-zube da Asalinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, na ga almajirai a nan Dangora suna gama kalmomi uku wuri guda, fitina da basasa da kara-zube, alhali kowace da gidanta.

Amma fitina, Larabci ce. Asalinta narka zinariya a wuta domin a rarrabe ta da gami, saboda haka ake kiran jarraba da ita.

Amma basasa, ana jingina ta ga Basusu, macen da aka kashe taguwa a ƙarƙashin amanarta a Jahiliyya, har Bakru da Taglibu, 'yan'uwan juna, suka shekara 40 suna yaƙi. Ga wannan na karkata. Da ita aka kira abin da ya auku a Kano sa'ad da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, Yusufawa suka fita zuwa Takai. Yusufu ya rasu, suka yi wa Alu mubaya'a, ya shiga birni a 1894. Ka lura, nan sarki bai ɓace ba, biyu ne suka yi jayayya.

Amma kara-zube, Hausa ce tsantsa, daga gona ta fito. Idan an girbe dawa, karan da aka ɗaure ya zama dami ana ɗaukarsa a yi danga ko rufi. Wanda aka bari zube kuwa, dabba ta taka, gara ta ci, mai wucewa ya ɗiba. Haka jama'ar da babu mai ɗaure ta: ba alƙali, ba mai jin kukan wanda aka zalunta. Larabawa suna ce mata fauda, watau mutane cakuɗe babu shugaba. Turawa suka aro tasu daga Yunaniyawa, anarkiya, ma'anarta rashin mai mulki.

Don gudun wannan Shehu Usmanu ya kafa babi a kan wajabcin naɗa shugaba cikin Bayanu Wujubil Hijra a 1806.

Kuma ni ina ganin kara-zube tana iya sauka ko da sarki yana kan gado, idan hannunsa bai kai ba. Haka ƙauyukan kudancin Kano suka ɗanɗana sa'ad da mayaƙan Ningi ke kawo hari, haka makiyayan Doguwa da Tudun Wada sa'ad da ɓarayin shanu suka fake a dajin Falgore.

Allah ne Masani. Tammat.