Tsofaffin Soja da Jirgin Ruwa: Yadda Hausawa Suka Zauna Ankara

Mutumin Kurfi ko Dutsin-Ma, wanda babban ruwan da ya sani shi ne madatsar Zobe da aka gama cikin 1983, zai ɗauka tarihin Hausawa ba shi da wata hulɗa da teku. Amma akwai zuriyar Hausawa a Ankara, babban birnin Gana, waɗanda jirgin ruwa ne ya kai kakanninsu can.

Asalin al'amarin daga Ikko ne. Turawan Ingila sun kama garin cikin 1861, sa'an nan a 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya kafa 'yar runduna wadda aka laƙaba wa sunan Hausawa. Da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, kuma ba duka ne Hausawa ba, akwai Barebari da Nufawa, harshe ne kawai ya haɗa su. Da yaƙin Asante ya tashi a 1873, aka ɗora su a jiragen ruwa zuwa gaɓar Gwalkwas, watau Gana ta yau, suka bi ta wajen kogin Bolta har Kumashi a 1874.

Abin lura shi ne abin da ya biyo bayan sallama. Tsohon soja da aka sallama bai cika komawa gida ba. Ina zai koma? Wanda aka kama yana yaro sau da yawa bai san ko garinsu na nan ba, hanya kuwa tana iya mai da shi bauta. Saboda haka da yawa suka yi zamansu a bakin teku, suka yi aure, suka kama sana'a.

Soja kaɗai ba ya kafa zango, sai da malami. A Ankara Malam Na'inno, mutumin ƙasar Katsina, ya sami fili daga sarakunan kabilar Ga cikin 1881, wurin da aka kira Zangon Malam. Ɗansa Malam Baƙo ne ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Fatake ma suka bi sawu. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgi daga Ankara zuwa Ikko, maimakon tafiyar watanni da jakuna daga Gwanja.

Sai dai wannan zama bai taɓa rabuwa da sunan baƙunta ba. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Cikin waɗanda suka ɗaure kaya har da mutanen zango da aka haifa can, waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba.