Daga Zanen Gini Zuwa Fasahar Zamani: Nazarin Tafarkin Peju Alatise a Ma'aunin Maginan Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda masanin zanen gini kan koma mai fasahar zane da sassaƙa. An ɗauki Peju Alatise a matsayin misali, aka gwama ta da Demas Nwoko da kuma maginan gargajiya na Zariya da karkarar Kano. Hujjar da ake kafawa ita ce makarantar boko da kayan ginin zamani ne suka raba sana'o'in biyu.

Gabatarwa

An haifi Alatise a Legas a 1975, ta karanta zanen gine-gine a Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomoso, daga baya ta karkata ga zane da sassaƙa. A 2017 tana cikin mutum uku da suka wakilci Nijeriya a baje kolin fasaha na Venice a Italiya, tare da Victor Ehikhamenor da Qudus Onikeku. Aikinta, Flying Girls, 'yan mata takwas ne masu fikafikai a tsaye cikin da'ira, tsuntsaye na shawagi a kansu, kuma yana magana ne a kan yaran da ake kaiwa aikatau. Mai kallo sai ya zagaya shi kafin ya gama ganinsa. Wannan lissafin fili da tsawo horon mai zanen gini ne.

Zariya da rabuwar fannoni

Nwoko ya bi hanyar ta baibai. Zane ya karanta a Kwalejin Zariya daga 1957 zuwa 1961, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban fasaha a 1958 da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya. Bai riƙe takardar shaidar zanen gini ba, amma shi ya tsara ginin Dominikan na Ibadan, kuma a 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a baje kolin gine-gine na Venice. Abin lura, kwalejin da ta ware sashen zane daban da na gini tana 'yan kilomitoci ne daga Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846. A can, mutumin da ya lissafa azarar bakan gizo shi ne ya jagoranci adon da ke jikin masallacin.

Shaidar karkarar Kano

A yankin Ɗambatta, kamar sauran karkarar Kano mai cunkoson gonaki wadda Michael Mortimore ya yi nazari a kanta, gini aikin rani ne. Manomi kan ajiye fartanya bayan kaka ya koma kwaɓa ƙasa da buga tubali. Magini shi ke aza harsashi, shi ke yaɓe da makubar da ake samu daga ɗorawa, kuma tun yaɓen yana ɗanye yake fitar da dagi a goshin zaure, ya tayar da zankwaye a kan soro. Ba a kiran wani daban don ado, domin ƙasa ba ta jira: in ta bushe, zane ya gagara.

Bulo da siminti da kwano ne suka sauya wannan tsari. Birkila ya ɗora, mai filasta ya shafe, mai fenti ya zo daga ƙarshe, kowa da jingarsa. Ado ya zama ƙari da ake iya yafewa in kuɗi sun gaza, kuma a ƙauye sukan gaza.

Iyakar kwatancin

Bai kamata a ja zaren ya tsinke ba. Magini yana yi wa mai gida aiki ne, ba ya zaɓar jigo, kuma yakan kauce wa siffar mai rai saboda addini. Alatise kuwa siffar mutum ce ginshiƙin aikinta, ita ke zaɓar abin da za ta soka, masu sayen aikin nata kuma suna Legas da Landan da Johannesburg. Abin da ya haɗa su shi ne sanin halin kayan aiki da iya sarrafa fili. A nan ne ya dace sassan zanen gini na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su fara tattara bayanan maginan da suka rage a ƙauyukan arewacin Kano.