Anthony Nesty: Gwanin Ninƙaya Daga Surinam

Masu iya magana kan ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka abin ya kasance a birnin Seoul na Koriya ta Kudu cikin watan Satumba na 1988, lokacin da wani saurayi mai suna Anthony Nesty ya karya wata tsohuwar magana da aka daɗe ana yayatawa, wai jikin baƙar fata bai dace da gasar ninƙaya ba.

An haifi Nesty a tsibirin Trinidad a shekarar 1967, amma tun yana jariri iyayensa suka ƙaura da shi zuwa Surinam, wata ƙaramar ƙasa a Kudancin Amurka wadda ta sami 'yancin kai daga Holan a 1975. Mutanenta a wancan zamani ba su kai rabin miliyan ba. A nan ya koyi iyo, har ya wakilci ƙasar a wasannin Olimfik na Los Angeles a 1984, inda ya koma gida hannu Rabbana. Bai karaya ba. Ya tafi makarantar Bolles a jihar Florida, ya sami horo a hannun Gregg Troy, ya ƙware a salon da ake kira malam-buɗe-littafi, wato wanda ake jefa hannuwa biyu gaba a lokaci guda.

A Seoul kuwa, idon kowa yana kan Ba'amurke Matt Biondi, wanda ya kwashe lambobin zinare 5 a waɗannan wasanni. A tseren mita 100 Biondi ne a gaba har dab da bango. Sai dai da ya iso, tazarar da ta rage ba ta kai bugu guda ba, don haka ya miƙe hannuwa ya sulale. Shi kuwa Nesty ya ƙara bugu ɗaya da ƙarfinsa. Agogo ya nuna Nesty sakan 53.00, Biondi 53.01. Ka ji fa, mai karatu, abin da bai kai ƙiftawar ido ba shi ya raba su!

Da wannan ya zama baƙar fata na farko da ya ci zinare a ninƙayar Olimfik. A lokacin Surinam tana fama da yaƙin basasa, amma jama'a suka haɗu wajen murna. Aka buga tambarin gidan waya don tunawa da nasarar, aka kuma raɗa wa babban zauren wasanni na Paramaribo sunansa.

Masu cewa sa'a ce kawai ba su daɗe ba suka yi shiru, domin kuwa ya sake cin kambin duniya a Perth ta Ostareliya a 1991, sannan ya sami tagulla a Barcelona a 1992. Bayan ya yi ritaya ya koma koyarwa a Jami'ar Florida, har a 2024 ya jagoranci ƙungiyar maza ta Amurka zuwa Olimfik na Paris, ƙasar da ya taɓa kayar da gwarzonta.

Mu da muke riƙe da alli ya kamata mu yi wa kanmu tambaya. Yara nawa muka yanke wa hukunci cewa ba za su iya ba, alhali wurin gwaji da mai horarwa kawai suka rasa? Nesty ya sami duka biyun, kuma bai saki jiki ba sai da hannunsa ya taɓa bango.