Yadda Mafarautan Amurka Suka Kafa Gandun Daji, Suka Dawo Suna Yaƙarsa

A Amurka, kusan kashi 28 cikin 100 na faɗin ƙasar mallakin gwamnatin tarayya ne, wato kimanin eka miliyan 640, akasari a jihohin yamma da Alaska. Dazuzzuka ne da tsaunuka da hamada, kuma mafi yawansu a buɗe suke ga kowa. Direban tirela ko malamin makaranta da bai mallaki ko taki ɗaya na fili ba, muddin ya yanki lasisin farauta na jiha, yana iya saɓa bindigarsa idan kaka ta yi ya faɗa daji, ba sai ya roƙi wani mai gona ba. Sai dai akwai kason da aka garƙame: gandayen daji na ƙasa irin su Yellowstone, inda kallo kawai ake zuwa, harbin zomo ma laifi ne. To, sau da yawa idan aka tashi faɗaɗa gandu, daga dajin da mutane suka saba farauta ake yankowa. Ranar da aka sauya allon bakin hanya, wanda ya gaji wurin daga kakansa ya zama ɓarawon nama idan ya koma. Nan rigimar take, kuma ta daɗe.

Maharba ne suka nemi a hana harbi

Lokacin da majalisar dokoki ta kafa Yellowstone a 1872, ba ta tanadi wani hukunci mai ƙarfi ga wanda ya kashe dabba a ciki ba. Masu farautar fata suka ci karensu ba babbaka, har sai da aka turo sojoji a 1886 su yi gadi. Su ma iyakar ikonsu su ƙwace kayan mutum su raka shi bakin iyaka. A watan Maris na 1894 aka kama wani Edgar Howell cikin ƙanƙara yana feɗe ɓaunayen da ya harbe, a lokacin da ɓaunar daji ta kusa ƙarewa a duk ƙasar. Aka yi dace akwai wakilin mujallar Forest and Stream a wurin. Editan mujallar, George Bird Grinnell, mafarauci ne, kuma shi da Theodore Roosevelt suka kafa ƙungiyar maharba ta Boone and Crockett a 1887. Ya yayata labarin, ƙungiyar ta matsa wa majalisa, kafin watan Mayu ya ƙare an sa hannu a dokar da ɗan majalisa John Lacey ya kawo, wadda ta haramta farauta a gandun tare da tara da ɗauri.

Haka aka yi a Alaska. Charles Sheldon, attajiri mai son farautar fararen tumakin dutse, ya yi hunturun 1907 zuwa 1908 a wata bukkar katako a bakin kogin Toklat. Ya ga yadda masu farautar kasuwa ke kashe tumakin suna kai wa sansanonin masu haƙar zinariya da garin Fairbanks. Ya shafe shekaru yana bin 'yan majalisa, har Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar kafa gandun Dutsen McKinley ranar 26 ga Fabrairun 1917. Dokar ta bar wa masu haƙar ma'adinai damar harbin abin da za su ci idan guzuri ya yanke. A 1928 aka soke wannan sassauci.

Lissafin waɗannan maharba mai sauƙi ne: a killace wani yanki dabbobi su hayayyafa, su malalo zuwa sauran daji inda za a farauce su. Muddin gandun tsibiri ne a tsakiyar buɗaɗɗen daji, kowa ya amfana. A 1937 ma mafarauta suka goyi bayan dokar Pittman-Robertson, wadda ke karkatar da harajin bindigogi da harsasai, kashi 11 cikin 100 a kan bindigar farauta a yau, zuwa aikin kula da namun daji a jihohi. Daga nan suka samu hujjar da suke maimaitawa har gobe: su ke biya, masu kyamara ke morewa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sulhu na farko

Tsibirin ya soma girma. A 1943 Shugaba Franklin Roosevelt ya yi amfani da wata dokar 1906 ta kare kayan tarihi, wadda ke ba shugaban ƙasa ikon killace fili da sa hannunsa kaɗai, ya keɓe eka 221,000 a kwarin Jackson Hole na jihar Wyoming. Makiyaya ɗauke da bindigogi suka koro shanunsu ta tsakiyar wurin don nuna ba su yarda ba. Sai a 1950 aka daidaita: aka haɗe filin da gandun Grand Teton, amma aka yarda a riƙa rage garken elk, wani nau'in babban gwanki, ta hannun mafarauta masu lasisi waɗanda ake naɗawa mataimakan masu gadin gandu na wucin gadi. Aka kuma hana shugaban ƙasa sake amfani da waccan doka a Wyoming ba da yardar majalisa ba.

A 1974 aka fito da wata sabuwar dabara a fadamar Big Cypress ta Florida da dajin Big Thicket na Texas: hurumin ƙasa, wanda hukumar gandaye ke kula da shi, an hana sare shi ko gine shi, amma an bar farauta da ɗana tarko. Babu wanda ya zaci wannan ƙaramin tsari zai ɗauki nauyin da ya ɗauka bayan shekara shida.

Alaska ta kama da wuta

Alaska ta kusa ninka Najeriya biyu a girma. Da ta zama jiha a 1959, an ba ta damar zaɓen fiye da eka miliyan 100 daga filin tarayya. Gano man fetur a Prudhoe Bay a 1968 ya tilasta a warware haƙƙin 'yan asalin ƙasar kafin a shimfiɗa bututu, don haka dokar 1971 ta ba su eka miliyan 44 da dala miliyan 962.5. A cikin dokar aka saka wani sashe da ya ba sakataren cikin gida ikon ajiye har eka miliyan 80 a gefe, don majalisa ta duba waɗanda za a mayar gandaye. Wa'adin zai cika a Disambar 1978.

Majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin ɗan majalisa Morris Udall kan waɗannan filaye, amma a majalisar dattawa Sanata Mike Gravel na Alaska ya toshe hanya har zama ya ƙare. Ranar 1 ga Disambar 1978, Shugaba Jimmy Carter ya ɗauko dokar 1906 ya killace eka miliyan 56 a wurare 17. A waɗanda suka faɗa hannun hukumar gandaye, an bar ƙauyawa su nemi na tukunya, amma farautar nishaɗi ta haramta nan take. Masu sana'ar raka baƙi farauta, waɗanda suka gina sansanoni da filayen saukar ƙananan jirage a tsaunukan Wrangell da Brooks, suka wayi gari ba su da wurin aiki.

A Fairbanks aka ƙona mutum-mutumin Carter. A tsakiyar Janairun 1979 jama'a suka yi dafifi kusa da ƙauyen Cantwell, a bakin sabon filin da aka killace gefen gandun McKinley, da niyyar karya duk wata ƙa'ida da aka gindaya. Cikin sanyi mai daskarar da gashin baki suka hura wuta, suka yi ta harbin saiti, suka yi tseren baburan ƙanƙara da keken karnuka. Ma'aikatan gandu suka ƙi biye musu. Da bazara ta zo aka turo masu gadi daga wasu jihohi, sai suka tarar da alluna a ƙofar shaguna da masaukai cewa ba a maraba da su. A yankin Glennallen har ƙona wani ƙaramin jirgin sama da hukumar ta ɗauko haya aka yi.

Zaɓen Nuwambar 1980 ne ya kashe maganar. Ronald Reagan ya kayar da Carter, Udall ya ga cewa da babu gara ba daɗi, ya karɓi ƙudurin majalisar dattawa mai sassauci. Ranar 2 ga Disambar 1980 Carter ya sa hannu a dokar filayen Alaska, wadda ta kare fiye da eka miliyan 104, kusan rabin faɗin Najeriya. Fiye da miliyan 43 suka koma ƙarƙashin hukumar gandaye, kuma kimanin miliyan 20 daga ciki aka mayar hurumi mai ƙofar farauta a buɗe. Gandun McKinley ya ninka uku zuwa eka miliyan 6, ya koma Denali. A Wrangell-St. Elias, wanda ya fi kowane gandu girma da eka miliyan 13.2, fiye da sulusi hurumi ne. An ja layukan nan bayan doguwar cacar baki kan wane kwari ne ke da tumakin dutse, wane ne babu.

Mafarauci biyu, daji ɗaya

Dokar ta raba mafarauta gida biyu. Mazaunin karkara da ke harbin karibu, barewar yankin ƙanƙara, don cika rumbun hunturu, an bar shi ya ci gaba har cikin yawancin sababbin gandayen, an kuma ba shi fifiko idan dabbobi suka yi ƙaranci. Ɗan birnin Anchorage da ke zuwa hutun mako kuwa, iyakarsa hurumi. Ƙungiyoyin mafarautan birni suka ce an mayar da su 'yan bora a jiharsu. A 1983 Sanata Ted Stevens ya nemi a mayar da eka miliyan 12 na gandu zuwa hurumi, bai yi nasara ba. A 1989 kotun ƙolin Alaska ta yanke cewa fifita ɗan karkara ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, wanda ya ce namun daji na kowa ne. Tun 1990 gwamnatin tarayya ke tafiyar da farautar ci a filayenta, jiha ke tafiyar da saura. Mafarauci a Alaska yau sai ya san ƙasar wa yake takawa kafin ya ɗana kunama.

Ko inda aka halatta farauta, hanyar isa wurin ta zama abin jayayya. A 2007 John Sturgeon, wanda ya shafe shekaru da dama yana farautar mus, ƙaton gwankin nan mai faffaɗan ƙaho, ya tsaya kan tsakuwar kogin Nation a hurumin Yukon-Charley yana gyaran jirgin ruwansa mai shawagi a kan iska. Masu gadi suka tarar da shi, suka ce dokar hukumarsu ta hana irin wannan jirgi. Ya ce kogin na jiha ne. Shari'ar ta je Kotun Ƙolin Amurka sau biyu, a 2016 da 2019, kuma duka biyun alƙalai suka ba shi gaskiya baki ɗaya. Salon farautar ma bai tsira ba: a 2015 hukumar ta hana jawo beyar da abinci don a harbe ta a hurumin Alaska, a 2020 aka janye hanin, a 2024 aka dawo da shi.

Tsarin da Alaska ta kafa shi ake bi yanzu. Da aka ɗaga darajar kwazazzabon New River a jihar West Virginia a Disambar 2020, mafarautan yankin suka tayar da jijiyar wuya, sai aka mayar da kimanin eka 7,000 kawai gandu, aka bar wajen 65,000 a matsayin hurumi. Duk da haka wasu sun rasa gangaren da suka saba farautar barewa. Abin da shekaru fiye da ɗari suka koya wa majalisa shi ne, mafarautan nan ba su taɓa musun a kare daji ba, sun fi kowa buƙatarsa da rai. Abin da ba sa yafewa shi ne a kare shi daga gare su, kuma duk ɗan majalisar da ke son sabon gandu a yau, da su yake fara zama kafin ya zana taswira.