Busang ce ta koya mana tsare samfur

Hanyar da muke bi wajen auna zinare a ɗakin gwaji ta girme mu da ɗaruruwan shekaru. Tun 1556 Georgius Agricola ya bayyana ta a littafinsa De Re Metallica: a niƙe dutse, a narka shi da dalma ta kwashe zinaren, sannan a ɗora a ɗan kasko na tokar ƙashi, kaskon ya shanye dalmar ya bar ƙwayar ƙarfe mai daraja. Har yau haka muke yi da giram 30 ko 50 na garin dutse. Abin da ya daɗe babu tsayayyiyar ƙa'ida a kansa shi ne hannuwan da samfur ke ratsawa kafin ya iso wuta.

Ostireliya ce ta fara farga, bayan hannun jarin kamfanin Poseidon mai neman nikel ya yi tashin gwauron zabo a 1969, ya rikito a 1970. Daga baya, a 1989, aka fito da ƙa'idar JORC ta rahoton ma'adinai. Amma badaƙalar Busang ce ta girgiza sana'ar gaba ɗaya.

Kamfanin Bre-X na Kanada ya yi shelar cewa ya gano zinare oza miliyan 70 a Busang, cikin dajin Borneo na Indonesiya, darajar kamfanin a kasuwa ta haura dalar Kanada biliyan 6. A 1997 kamfanin Freeport ya haƙa nasa ramukan a wurin, bai samu abin a zo a gani ba. Binciken kamfanin Strathcona ya tabbatar da cewa barbaɗa zinare aka riƙa yi a cikin samfur, galibi wanda aka tato daga rairayin kogi. Ɗakin gwaji ya auna abin da aka miƙa masa ne, cutar an riga an yi ta a hanya. Ga shi kuma an niƙe sandunan dutsen da aka haƙo ɗungurungum, ba a ajiye rabi don mai son sake dubawa ba.

A 2001 Kanada ta kafa dokar NI 43-101, wadda ta wajabta sa hannun ƙwararre mai gogewar aƙalla shekara 5 a kan kowane rahoton fasaha. Daga nan al'adarmu ta ƙara tsanani. Ana tsaga sandar dutse biyu a adana rabi. Ana liƙe buhu da hatimi. Cikin jerin samfura mukan saje da dutsen da babu zinare cikinsa don gano gurɓata, da garin da aka riga aka san adadin zinarensa don gwada ma'auni, da tagwayen samfur, wasu kuma a aika wani ɗakin gwajin daban.

Duk wannan yana cin kuɗi da lokaci, kuma masu jari kan ƙosa. Kirana ga matasan da ke shigowa sana'ar shi ne: in samfurin tantancewa ya kauce, a dakatar da jerin duka a sake aunawa, ko wa ke jira. Da lambar da ka rubuta wani zai zuba dukiyarsa, wani gari kuma a tashe shi daga gonakinsa.