Daga Ina Miskilin Jarumin Manga Ya Fito?

Yawancin matasan Tamale da suka san Naruto ta waya suka san shi, ba ta takarda ba. Daga Zango har Aboabo za ka samu wanda zai yi maka bayanin Itachi Uchiha dalla-dalla, kuma da wuya a tashi hirar ba a yi gardama ba. Wani ya ce dattako ne ya hana shi nuna abin da ke ransa, wani ya ce ƙarya ce irin ta marubuta, ba a taɓa yin ɗan Adam haka ba. Gardamar ta girmi masu yin ta, domin a Japan ta haura shekara sittin.

Bayan yaƙin duniya na biyu, manga kayan yara ce. Tezuka Osamu, wanda littafinsa Shin Takarajima ya fito a 1947, kuma ya fara labarin Astro Boy a 1952, yana zana fuskoki masu manyan idanu waɗanda ba sa ɓoye komai. In jarumi ya ji zafi hawaye ya zubo, in ya yi murna ya daka tsalle. Amma yaran da suka tashi da waɗannan littattafai sun girma, da yawansu sun bar ƙauye sun shiga masana'antun Osaka da Tokyo. Ba su da kuɗin sayen littafi, sai su je shagunan haya, irin waɗanda masu karanta littattafan soyayya suka sani a Kano. A waɗannan shaguna ne wasu matasan masu zane suka fahimci cewa wanda ya wuni a gaban inji ba ya son a yi masa wasan yara. A 1957 Tatsumi Yoshihiro ya raɗa wa sabon salonsu suna gekiga, a 1959 kuma suka kafa ƙungiya tare da Saito Takao da wasu. Inuwa ta yi yawa a shafi, magana ta ragu, fuska ta ɗaure. Mujallar Garo da aka kafa a 1964 ta ba salon gida, inda Shirato Sanpei ya yi ta fitar da labarin Kamui, ɗan ƙasƙantattun mutane a zamanin sarauta, ɗaliban jami'a suna rububin karantawa.

Saito ne ya kai abin maƙura. A 1968 ya fara Golgo 13 a mujallar Big Comic: maharbi mai kisa don kuɗi, ba ya dariya, ba ya nadama, ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa. Saito ya rasu a 2021, kuma har yanzu mataimakansa na ci gaba da labarin. Ina girmama aikin, amma ban yarda Golgo mutum ne ba. Ba abin da ya rasa da muka sani, ba abin da yake tsoron rasawa, shirunsa ba ya danne komai. Daga gare shi ne ɗimbin masu kwaikwayo suka ɗauka cewa ɗaure fuska kaɗai ya isa a kira mutum babba.

Shekara biyu bayan fara Golgo 13 aka ga ɗaya hanyar. Koike Kazuo da Kojima Goseki suka fara labarin Ogami Itto a 1970, hauni na fadar shogun da aka kashe masa mata aka ɓata masa suna. Akwai wani shafi da duk wanda ya karanta ba ya mantawa. Itto ya ajiye ƙwallo a gefe guda, takobi a ɗaya gefen, ya bar jaririnsa Daigoro ya rarrafa ya zaɓa. In ya taɓa ƙwallo zai aika shi wajen mahaifiyarsa, wato lahira, in ya taɓa takobi su kama hanyar ramuwa tare. Yaron ya nufi takobi. Fuskar uban ba ta motsa ba, amma mai karatu ya san abin da ke ci a ƙirjinsa, saboda daga ranar ya yi ta tura yaron nan a keken katako, cikin ruwa da ƙanƙara, kuma har ƙarshen littafi na 28 bai taɓa yar da shi ba.

Mu da muka tashi a gidajen Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ita ce kuma wadda ba ta runtsawa daren da zazzaɓi ya kama shi. Ba wanda ya taɓa cewa ba ta son sa. Muna gane kunyarta ne saboda muna ganin hidimarta. Haka mai karatu yake yi wa jarumin takarda: yana neman hidimar da ke bayan shirun, in bai gani ba ya ajiye littafin.

Da salon ya gangaro mujallun samari, irin su Shonen Jump, sai miskili ya zama abokin hamayya ko yayan jarumi. Kishimoto Masashi, da ya rubuta Naruto daga 1999 zuwa 2014, ya ɗora wa Itachi kisan danginsa yana ɗan shekara 13. A nan ina tare da masu shakka, domin nauyin ya fi ƙarfin shekarun. Abin da ya ceci Itachi ƙaramin abu ne, yadda yake dungure wa ƙaninsa Sasuke goshi da yatsu biyu yana ce masa sai wani lokaci. Yukimura Makoto ya fi Kishimoto haƙuri a Vinland Saga da ya fara a 2005. Jarumin labarin, Thorfinn, yana yaro fuskarsa a murtuke take, bai san komai ba sai ramuwa, kuma marubucin bai kira wannan girma ba. Sai da ya zama bawa a gona, yana sare itatuwa yana mafarkin waɗanda ya kashe, sannan hankali ya zo masa, fuskarsa ta saki.

A 2020 Yamada Kanehito da Abe Tsukasa suka juya al'amarin gaba ɗaya da Frieren. Jarumar labarin, Frieren, ta rayu sama da shekara dubu, don haka tafiyar shekara goma da ta yi da abokanta ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Bayan shekara hamsin Himmel, ɗaya daga cikinsu, ya mutu da tsufa, kuma a wajen jana'izarsa ne ta fashe da kuka, saboda ta gane ba ta taɓa ƙoƙarin sanin sa ba. A wannan labari miskilancin shi ne ciwon da ake jinya. Ana auna girmanta da abubuwa irin ranar da ta yi ta zagaye kasuwa tana rasa abin da za ta saya wa almajirarta Fern na zagayowar ranar haihuwa, har ta tsaya a kan abin ɗaure gashi.